Malam Arzika, Mai Ruwan Sama a Faranti

Kullum da hantsi Malam Arzika yakan zauna a zaurensa a Bungudu yana gyaran rediyon mutane. Masu kawo gyara ba su san shi ne ruwan sama da jakin da suka shekara ashirin da shida suna ji a shirin "Taron Asabar" ba. Shiri ne na kai tsaye daga Gusau, ga waƙa, ga wasan kwaikwayo, ga gaishe-gaishe. Arzika na can bayan 'yan wasa da farantinsa da gero da ƙoƙuna biyu, yana yin sautin ruwa da na kofaton jaki. Ba a taɓa ambaton sunansa ba, abin da har yau yake ba ni haushi.

Inna Dije ta Furfuri ta rantse mini cewa ta taɓa jin ruwa a rediyo, ta fita a guje kwashe shanyar dawa, sai ta tarar da rana tsaka. Ashe gero Arzika ke zubawa a faranti.

Bara wani matashi, Bashar, ya tashi yin fim a kan shirin. Babu kaset ko ɗaya, mai gabatarwa ya rasu. Abin da ya rage na shirin yana hannun Arzika, hannun kuwa ya fara rawa. Bashar ya tausaya masa, ya ce, "Baba, ka zauna kawai a ɗauke ka, sautin sai mu sa daga kwamfuta."

"A'a, ɗana. Mu ba mu san a sake ba. Tara mutane a yi shi yadda munka saba, sau guda."

Aka tara jama'a a Tsafe. Ina wurin. Da aka zo inda jaki zai haye gada a cikin wasan, ƙoƙo ɗaya ya suɓuce masa. Ko kallon kyamara bai yi ba, ya ci gaba da ɗayan, jaki ya koma ɗingishi. Zakari, tsohon ɗan wasan shirin, ya cafe: "Kash, ya yi targaɗe!" Wuri ya kaure da dariya. Bashar bai yanke wurin daga fim ɗin ba.

Kai ne gwanin bayan fage, Malam Arzika. Kai ka nuna mana kuskure ba ya tsayar da mai sana'a. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Mu kuma mu yi aikinmu kamar ba za a ce a sake ba. Wanda ke da irin Arzika a unguwarsu, ya je ya zauna da shi yau, tun hannun yana iya nunawa.