Na Sayi Gona, Ɗorawar Cikinta Ba Tawa Ba Ce

A shekarun da kuɗin mai suka cika birane, ni leburan gini ne a Kaduna. Ban yi makaranta ba, ƙarfina kawai na sani. Shekara huɗu ina ɗaukar kwanon siminti a ka, ina hana cikina, don in koma ƙasar Faskari in mallaki gona tawa.

Wani dattijo a wajen Tafoki ya ji na dawo da ɗan abin hannu. Ya aiko cewa yana da gona babba, zai bar mini da araha saboda ya san mahaifina. Na je na gani bayan an cire amfani. Ƙasa ja mai kyau, ga manyan itatuwan ɗorawa sun cika ta. Har murna na yi, na ce matata ta samu kalwar daddawa. Aka tara shaidu, aka raba goro, na dangwala yatsa a takarda. Duk suna kallona, babu wanda ya buɗe baki.

Da bazara na tarar da tsofaffi mata uku da dogayen gora suna kaɗe ɗorawar. Na kore su. Da yamma mai unguwa ya kira ni, dattijon yana zaune gefensa. Ko kunya bai ji ba, ya ce, “Ƙasa na sayar maka, yaro. Itacen gadon ƙannena mata ne.” Mai unguwa ya ce kowa ya san haka a garin, ni ne ban tambaya ba.

Damina ta zo, dawar da ke ƙarƙashin inuwa ta yi kara babu zangarniya. Fiye da rabin gonar ke nan. Na roƙi a bar ni in rage rassa, aka hana. Shekara biyu rumbuna ba ya kai mu bazara. A ta uku na ɗauki gatari na kayar da itace uku. Matan suka kai ni ƙara, alƙali ya ce in biya, na sayar da shanun nomana biyu. Da babu shanu, na mayar wa dattijon gonarsa a ƙasa da yadda na saya, da takin da na zuba mata. Kafin wata damina ya sayar wa wani leburan da ya dawo daga Legas.

Har yau raina yana ɓaci in na tuna shaidun nan da suka ci goro suka yi shiru. Amma kunyata ɗaya ce: abincin tsofaffin nan na sare, alhali ba su ne suka cuce ni ba.

Kai da aka yi wa tayin gona da araha, kada ka tsaya duban ƙasa kawai. Ɗaga kai ka nuna kowane itace, ka tambayi mai shi a gaban shaidu. Ni goro na raba ban tambaya ba, na koma ɗaukar siminti.