Jinin Malam Zailani Mai Rijiya

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, kowa a Mairuwa yana son rijiyar siminti a gidansa, Malam Zailani kuwa shi ne mai haƙa su. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda bai taɓa shiga asibiti ba sai ranar da Larai, matar maƙwabcinsa Malam Rabo, ta haihu jini ya ɓalle mata.

Maza biyar, har da shi, suka bi motar da ta kai ta asibitin Ƙanƙara. Da aka gwada jininsu, nasa kaɗai ya dace. Ya miƙa hannu aka ɗebi kwalba guda, aka ba shi shayi, ya koma bakin aikinsa.

Kwana takwas bayan haka Larai ta rasu.

Babu wanda ya zarge shi, amma shi ya sa wa ransa cewa jininsa ne bai karɓe ta ba. Ya daina zama a ƙofar gidan Malam Rabo. Sau uku Malam Hadi, malamin asibitin da ya ɗebi jinin, ya zo a kan babur yana nemansa, domin irin jininsa da wuyar samu. Sau ukun Malam Zailani yana cikin rami, ya ƙi fitowa.

"Malam, ku nemi wani," ya ce daga ƙasa. "Nawa ba ya da albarka."

Shekara biyu aka yi a haka, har maganar ta kai kunnen Malam Rabo. Ya same shi a wata rijiya da yake haƙa a Daudawa, ya tsuguna a bakinta.

"Ashe abin da ya raba mu ke nan? Likita ya ce mani ba don jininka ba, da ba ta kai la'asar ba. Da jininka ta shayar da ɗiyarta, ta ga ranar suna, da bakinta ta ce a sa mata Baraka. Sauran kuma kwana ne ya ƙare."

Malam Zailani ya ce a jawo igiya, ya fito.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ya tafi asibiti da kansa. Daga nan ya ba da jini sau goma sha ɗaya, har Malam Hadi ya ce shekaru sun hana. Allurar dai bai taɓa yarda ya kalle ta ba, bango yake juya wa fuska har a gama.