Baba Mai Sanda Ya Sauke Hannu

Kafin kowa ya iso wurin ɗaukar fim, Baba Mai Sanda ya riga ya zo. Zai zauna a gefe ya warware wayoyinsa, ya goge makirufo da ƙyallen da maiɗakinsa ta yanka masa daga tsohon zani, sannan ya tuɓe takalmi don kada ƙararsu ta shiga cikin aiki. Aikinsa shi ne ɗaga doguwar sandar nan mai makirufo a saman kan 'yan wasa, ya tsaya ƙyam har darakta ya ce ya isa. Kada sanda ta leƙo cikin hoto, kada inuwarta ta faɗa a bango, kada tari ya kuɓuce masa. In ya yi aikinsa daidai, babu mai kallon da zai san yana ɗakin.

Rabin aikin fim jira ne. A jira rana ta karkata, a jira jaruma ta gama kwalliya, a jira injin niƙan maƙwabta ya mutu. Wasu su yi ta tsaki suna latsa waya. Shi kuwa sai ya jingina da bango, ya lumshe ido, kamar wanda ba shi da wurin zuwa.

Abokan aikinsa ba sa manta ranar da aka ɗauki wata dattijuwar 'yar wasa da kowa ke kira Goggo. Ɗakin ƙarami ne, ga zafi, an kashe fanka saboda ƙara. Za ta fito a matsayin uwar da aka kawo wa labarin rasuwar ɗanta, ta faɗi 'yan kalmomi. To, ita kanta ba a daɗe da binne ƙaninta ba. Ana farawa sai maganar ta maƙale mata. Ta zauna shiru, hannu a cinya, tana numfashi da ƙyar. Darakta ya yi alama kada kowa ya motsa. A daidai lokacin rina ta sauka a wuyan Baba, ta harbe shi. Mai kyamara ya ce ta gefen ido yana ganin hawaye na zubo wa Baba, amma sandar ko girgiza ba ta yi ba. Da ya motsa, da shirun nan ya ɓaci, kuma babu mai ƙarfin halin ce wa Goggo ta sake.

Da aka gama, wuyansa ya kumbura suntum. Goggo ta dube shi ta ce, "Ƙanena, me ya hana ka ka ce a dakata?"

Ya ce, "Ai ba ki gama ba, Goggo."

Baba, numfashin nan da ya sa mutane kuka a gidajensu, kai ne ka kamo shi. Sunanka kuwa yana can ƙarshen fim, inda kowa ya riga ya tashi. Ba ka taɓa ƙorafi ba. Kai ne turken da bai gaji ba.

Bana kafaɗar Baba ta ce ta isa, likita ma ya goya mata baya. Maiɗakinsa ta yi murna, ta ce dama igiyar shanyarta ta daɗe tana neman mai riƙewa. Ranar sallama ma'aikata suka matsa sai an yi masa hoto shi kaɗai. Mai kyamara ya ce, "Baba, kada ka motsa." Jin haka sai dariya ta kama shi, kafaɗu na rawa, ya kasa dainawa. Hoton ya fito dishi-dishi, kuma shi ya zaɓa ya rataye a ɗakinsa.

Mun gode, Baba. Allah ya ba kafaɗar nan hutu, ya ƙara lafiya. Mu kuma da muka saura, mu koyi haƙurin barin ɗan'uwa ya gama kafin mu motsa.