Hatimin da Alwala Ta Wanke

Shekarar da gero ya ƙi a gonarmu, na yi rani ina tsaron ƙofar wani gidan rawa a bayan garin Gazawa. Matata tana da tsohon ciki, rumbu kuma ko rabi bai kai ba, don haka da aka ce ana neman mai karɓar kuɗin shiga ban tsaya shawara da kowa ba. Gidan fili ne da aka kewaye da katanga, da rumfar kwano, da injin wuta, da manyan lasifika biyu. 'Yan lakol, wato 'yan boko, suna ce masa buwat da Faransanci. A gida kuwa cewa nake yi gadin kanti na samu.

Mai wurin ya daɗe a Agadas kafin ya dawo. Ban san abin da ya gani a can ba, amma ya dawo bai yarda da ɗan Adam ba. Idan ka gaishe shi da fara'a sai ya dafa aljihu. Wanda na gada a ƙofar, korarsa ya yi don ya gan shi da sabon takalmi. Ni ma ban yi wata guda ba cutar ta kama ni, domin bakin ƙofa yana koya wa mutum zargi. Kowa ya tunkaro ni, kafin in dubi fuskarsa na riga na fara tunanin ta inda zai cuce ni.

Da farko tike ake yanka wa mutane, sai samari suka riƙa naɗe shi da tsakuwa suna jefa wa abokansu ta kan katanga. Maigida ya je Maraɗi ya yo hatimi mai hoton tauraro, da ɗan sosonsa, da kwalbar baƙar tawada. Ka biya dala ɗari, in buga maka a wuyan hannu. Ka fita ka dawo sau nawa ka ga dama, muddin tauraron yana nan. Wannan ma bai hana su ba. Wani ya manna hannunsa a na abokinsa tun tawadar ba ta bushe ba, wani ya zana nasa da alƙalamin bik. Kwalbar kuwa a hannuna take, Maigida ya karce mata layi a jiki, duk mako yana ɗaga ta sama ya duba inda ta sauka.

Wata ranar kasuwa da la'asar ina share bakin ƙofa, gwiwar hannuna ta ture kwalbar, ashe ban rufe ta da kyau ba. Kafin in sunkuya yashi ya shanye ta tas. Na tsaya ina kallon baƙin tabon. Na san Maigida ba zai yarda zubewa ta yi ba, cewa zai yi sayarwa na yi. Na tura yashi da ƙafa na rufe wurin, na ruga gida.

Kawuna malami ne, yana yi wa mutane rubutun sha, kuma kullum akwai tawadar zuge da ƙaro a ɗakinsa. Na tsiyayi wadda za ta kai layin Maigida, na jiƙa sosona da ita. Na gwada a hannuna, tauraro ya fito baƙi ƙirin. Ni da aka ɗura wa rubutu tun ina goye, na fi kowa sanin an yi tawadar allo ne don ruwa ya wanke ta. Amma na ce dare ɗaya ne, kuma wa zai zo gidan rawa ya yi wanka?

Yawancin mutanenmu sai bayan isha suke zuwa. Ranar kuwa, ana idar da magariba wani mutum ya iso, shi ne na farko. Zai girme ni da shekara goma, yana da ɗan gemu da hula mai tsabta. Ya ce dillalin aya ne daga wajen Cadawa, kasuwa ta yi masa kyau, ya ji an ce an ɗauko makaɗa daga Najeriya, yana son wurin zama na gaba. Ya biya, na buga masa, har ya yi dariya ya ce an yi masa shaida kamar buhu. Da aka kira isha ya wuce ni ya fita, ni kuma jama'a ta fara taruwa, ban sa abin a rai ba.

Lokacin da ya dawo, layi ya yi tsawo, Maigida yana tsaye a kafaɗata kamar yadda ya saba in an yi cinkoso. Mutumin ya miƙo hannu da gaba gaɗi. Na haska cocila. Fata tas, ko ɗigo babu, sai damshin ruwa a bakin hannun rigarsa.

Maigida ya ce, "Malam, ina hatimi?"

Mutumin ya juya hannun, ya duba ɗayan, ya ce, "Ikon Allah. Yanzun nan shina nan. Salla na tahi, hala alwala ta ɗauke shi."

Maigida ya ce, "Salla? Daga nan?"

Ya ce, "To don na zo kallo sai in bar isha?"

'Yan layi suka fashe da dariya. Mutumin bai damu ba, ya nuna ni ya ce, "Wanga ƙanen nawa shi ya amshi kuɗɗina. Ni na hwara shiga. Tambaye shi."

Maigida ya juyo ya zuba mini ido. Na san abin da yake lissafawa, domin da ni ne shi abin da zan lissafa ke nan. Idan na ce mutumin ya biya, tambaya ta gaba ita ce me ya sa tawadar Maraɗi ta bi ruwa. Daga nan zai ce da gangan na canza ta, don in riƙa karɓar kuɗi sau biyu ina zuba na biyun a aljihu. Na tuna matata da rumbunmu. Na ce, "Maigida, mutane da yawa sun wuce, ban riƙe huskar kowa ba."

Mutumin ya ce, "Kai! Ba ni na ce maka an yi mani shaida kamar buhu ba?"

Na ce, "Ban tuna ba, Malam."

Wani daga baya ya ce a ba tsoho hanya ya je ya nemo dala ɗari. Wani ya ce ai dillalai haka suke. Nan fuskar mutumin ta canza. Ya ce shi ba kuɗin ne suka dame shi ba, manoma suna bar masa buhunan aya a kan maganar baki kawai, ba za a mai da shi maƙaryaci a gaban 'yan kasuwa ba. Ya ce a buga masa yanzu, a kawo buta kowa ya gani. Abin da ya cece ni shi ne Maigida ya ga layi yana watsewa, kuma ya zargi mutumin da son tara masa jama'a don wasu su sulale ciki. Ya ce, "Ba yanzu ba. Gobe bayan la'asar ka zo da shaidunka. In ta wanke, in maido maka kuɗɗinka, in ba ka haƙuri a lasihika, in kori wanga. In ba ta wanke ba, duk Gazawa sai ta ji."

Da aka tashi na yi ta jan ƙafa har wuri ya watse, na sa kwalbar da soson a aljihu. A hanya na riƙa lallashin kaina. Wa ya sani ko kafin ya je masallacin ya manna wa wani? Wa ya ga ya yi sallar ma? Mutumin kirki me ya kawo shi gidan rawa? Na ƙware a irin wannan tunani, aikina ke nan, amma ranar duk wanda na ɗauko sai ya ƙi zama.

Da asuba na hau kabu-kabu zuwa Agye. Akwai mai sayar da kayan buro, su takarda da tawada, a Gazawa, amma ya san Maigida, kuma a lokacin ina ganin kowa ɗan rahoto ne. A Agye na sayi tawadar hatimi ta gaske. Na wanke kwalbar da soson a bayan tasha, na shanya su a rana, na zuba sabuwar daidai layi. Na gwada a cinyata inda ba mai gani, na zuba ruwa na murza, ko gezau. Na ji daɗi, kuma ina jin kunyar faɗin haka har yau.

Bayan la'asar mutumin ya zo da butarsa da manoma biyu daga garinsu, dattawa, waɗanda da gani ba su taɓa taka ƙofar irin wannan gida ba. Sun tsaya nesa da katanga kamar za ta shafa musu wani abu. Maigida ya sa aka fito da benci waje, masu shayi da 'yan kabu-kabu suka kewaye mu. Ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta sama ya duba layinsa, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ƙi bari in buga, ya buga wa mutumin da hannunsa. Ya kuma sa aka zubar da ruwan butar aka ɗebo na randarmu, wai ko an sa sabulu a ciki.

Mutumin ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya fara alwala a natse kamar wanda ya san ƙarshen zancen. Ya wanke hannun dama har gwiwa sau uku. Tauraro yana nan. Ya sake zuba ruwa ya murza da babban yatsa. Ya ɗebi yashi ya goga har wurin ya yi ja. 'Yan kabu-kabu suka fara shewa. Ɗaya daga dattawan nan biyu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa.

Sai mutumin ya kai wuyan hannunsa hanci ya shinshina. Ya ɗago ya ce, "Wagga ba ita ce ta jiya ba. Ta jiya warin ƙaro gare ta. Ta allo ce, da ita na yi karatu."

Maigida ya juyo kaina a hankali. Ya ce, "Kai, ka taɓa kwalbar nan?"

Na ce, "Ga layinka nan, Maigida."

Mutumin ya miƙe, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ƙanena, ban son kuɗɗin, ban son a kore ka. Ka dai hwaɗa gaban dattawan ga cewa na biya. In kuwa ban biya ba, ka ce wallahi."

Na dubi ƙasa, daidai inda na rufe tabon jiya da yashi. Na ce, "Wallahi ban amshi kuɗɗinka ba."

Maigida bai ɓata lokaci ba. Ya ciro waya ya yi saƙon murya a gaban kowa, ya ce gidansa ba ya cutar kowa, an yi gwaji gaban shaidu, wani dillalin aya daga wajen Cadawa ya so shiga a ɓagas har ya fake da salla, asirinsa ya tonu. Bai faɗi suna ba, amma dillalan aya nawa ne masu gemu suka kwana Gazawa ranar? Ya tura wa duk rukunin wasaf da yake ciki. Kafin a ɗauke bencin na ji muryarsa tana fita daga wayar wani mai shayi. Ɗaya daga cikin dattawan ya matsa kusa da mutumin, na ji yana ce masa buhunansa shida da ke wurinsa, a bar su tukuna, ɗansa zai zo ya ɗauka.

Ban tsira gaba ɗaya ba, don daga ranar Maigida ya karɓe kwalbar ya riƙa kulle ta a ɗakinsa. Amma aikin ya zauna, da shi na yi hidimar suna, da shi muka ci tuwo har damina.

Ranar gwajin dai, muna nan tsaitsaye aka kira magariba. Masallacin bakin hanya ɗan ƙarami ne, duk wanda ke wurin can ya nufa. Na yi alwala a gurguje na shiga sahu na biyu, ina murna na ɓace cikin mutane. Wani ya zo ya cike gurbin da ke damana, ya haɗa kafaɗarsa da tawa, ya matso da ƙafarsa ta taɓa tawa. Da liman ya yi kabbara muka ɗaga hannu, sai na ga tauraron a wuyan hannunsa, gefensa duk ya yi ja saboda yashi. Raka'a uku na yi ban san abin da na karanta ba.

Da aka sallame, ya juyo ya miƙo mini hannu kamar yadda kowa yake miƙa wa na kusa da shi. Na kama. Ya riƙe nawa ya ɗan daɗe bai saki ba, yana dubana, ni kuma ina duban tabarma. Sannan ya tashi ya ɗauki butarsa, ya bi bayan dattawan nan biyu, waɗanda suka riga suka kama hanyar tasha ba su jira shi ba.