Marin Ƙarfen da Baba Ya Je Nema

Mahaifina maƙeri ne, ɗan maƙeri. Daga Kano ya zo Kaduna yana saurayi, ya kafa rumfarsa a Unguwar Kanawa, a nan ya yi aure, a nan aka haife mu. Lokacin da abin nan ya faru ya daɗe da ajiye guduma. Ƙafafunsa sun yi nauyi, yanar ido kuma ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma gani yake dishi-dishi. Ni ce babbar 'yarsa, ina aure a Malali, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Wata Juma'a na je gaishe shi, ko zama ban gama yi ba ya ce, "Uwata, akwai inda za ki kai ni."

Na ɗauka asibiti ne. Ashe wani maƙwabcinsa ne ya ba shi labarin wani tsohon gini na zamanin Turawa, inda a da ake tsare masu laifi kafin a kai su gaban alƙali. Wata ƙungiya ta gyara shi, ta tara kayan horo na da a ciki, ana zuwa kallo. Akwai turu, akwai dorina, akwai ankwa, akwai kuma mari, wato sarƙar nan mai ƙawanya biyu da ake sa wa ɗaurarre a ƙafa.

Na ce, "Baba, me za ka gani a wurin? Kai da ko masallaci sai an riƙe ka?"

Ya ce, "An ce akwai mari na gidan yarin En'e, hukumar gargajiya ta da, da aka kawo daga Kano. Mu muke ƙera su, ni da kakanki."

Ban taɓa jin wannan magana ba. Abin da na sani shi ne kakanmu na ƙera fartanya da lauje da linzami. Na so in yi tambaya, sai ya kawar da kai ya shiga wata hira.

Ranar Asabar na ɗauko napep har ƙofar gida. Kafin Baba ya shirya mun ci kusan awa guda, don cewa ya yi sai ya sa babbar riga. Ni da mai napep muka taru muka shigar da shi. Muna isa muka tarar da ƙofa a garƙame. Maigadi na zaune a kan benci yana cin rake. Ya ce mai riƙe da makulli ya tafi ɗaurin aure Zariya.

Na ce, "To babu wani makullin?"

"Akwai, Hajiya. Yana ofis."

"To a ɗauko mana."

"Ai makullin ofis ɗin ma yana hannunsa."

Na dubi allon da ke jikin bango, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ana buɗewa ranar Asabar. Na nuna masa. Ya duba kamar yau ya fara ganinsa, ya ce lallai haka aka rubuta. Sai da muka kama hanya Baba ya ce mu dawo Laraba.

Laraba ranar aiki ce, sai da na roƙi wata malama ta riƙe mini aji. Wannan karon ƙofa a buɗe take, an share fili, an kafa rumfa. Na ji daɗi, ashe murnar banza nake. Manyan baƙi ake jira, an ce ba mai shiga sai sun zo sun fita. Aka nuna mana gindin wani mangwaro. Tun hantsi muke zaune har aka kira azahar. Baba ya yi sallarsa a zaune a kan kujerar roba. Can sai ga wani ma'aikaci rataye da kati a wuya ya zo yana ba mu haƙuri, wai baƙin sun ɗage zuwansu, ma'aikata kuma sun gaji, za a rufe.

A nan ne na fara ɗaga murya. Na ce ya dubi tsohon nan, sau biyu ke nan ana ɗauko shi, minti goma kawai muke nema. Ya ce shi ba shi da iko, umarni aka ba shi. Baba ya jawo gefen mayafina ya ce, "Bari, Uwata. Ba kyau."

A hanya har shi na ji wa haushi. Na ce, "Baba, don Allah mu haƙura. Ƙarfe ne fa, tsohon ƙarfe. Ka ga irinsa ya fi sau dubu."

Ya ce, "Idan kin gaji ki faɗa, sai in nemi wani ya kai ni."

Ya san ba zan yarda ba.

A zuwa na uku muka samu shiga. Babu wuta, tagogin kuma ƙanana ne, can sama kusa da rufi, don an gina wurin ne yadda na ciki ba zai ga waje ba. Wata budurwa ce ke zagayawa da mutane. Tana da fara'a, ba ni da abin cewa a kan ladabinta, sai dai bayanin nata hadda ce. Idan ka katse ta sai ta koma farkon jimla. Aka haɗa mu da wasu ɗaliban jami'a, su kusan goma. Ta nuna mana turu, wani ƙaton gungume mai ramuka inda ake zura ƙafafun mutum. Ta nuna dorina da ta bushe ta lanƙwashe, da jar rigar dogari, da hotunan fursunoni suna ɗauke da bokitai a ka. Ɗaliban suka yi ta ɗaukar hoto. Ɗaya ya tsaya bayan ƙofar kurkuku ya riƙe ƙarafan yana kukan ƙarya, sauran na ta ƙyalƙyala dariya.

Baba bai kula da ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Ina marin?"

A ɗaki na ƙarshe suke, guda huɗu, an jera su a kan wani dogon tebur, an kewaye da igiya. Budurwar ta tsaya ta ce, "Waɗannan su ake kira mari. Turawan mulki ne suka shigo da su daga Ingila domin..."

Baba ya ce, "A'a."

Ta yi murmushi ta koma farko. "Waɗannan su ake kira mari. Turawan mulki ne..."

"'Yar nan, na ce a'a. Uwata, haska mini."

Na kunna fitilar waya. Ya sunkuya har hularsa ta kusa faɗuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da idonsa mai ɗan gani. Ya ce na farko ɗin na Turawa ne, gaskiya, zubi ne, yana da wurin makulli. Sauran ukun kuwa aikin guduma ne. Ya ce a dubi inda aka haɗa bakin kowane zobe na sarƙar, ai a wuta aka naɗe shi aka daka, ba inji ba ne. A kan na uku ya daɗe. Sai na ga ya miƙa hannu ta saman igiyar.

Budurwar ta yi saurin tarewa. "Yi haƙuri, Baba, ba a taɓawa."

"Yatsa ɗaya kawai zan sa."

"Wallahi doka ce. Idan aka gani, ni za a yi wa faɗa."

Na ce, "Yanzun nan wancan ya gama lilo a jikin ƙofar kurkuku ba ki ce komai ba. Wannan tsohon shi ya ƙera abin nan da hannunsa!"

Ɗaliban suka juyo. Na yi zaton wani zai tambaye shi wani abu, ga mutumin da ya ga zamanin da idonsa yana tsaye a gabansu. Ɗaya ya ce, "Kai, Baba, ashe ku ne!" Suka yi dariya, suka wuce waje. Budurwar ta ce ita abin da aka rubuta a kati take faɗa, idan muna da gyara mu ga shugaban wurin.

Shugaban ya karɓe mu hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa, ya ce wannan ai babban abu ne, irin su Baba ake nema. Yana magana yana duba waya. Ya ce in rubuto takarda, kwamiti zai zauna. Na ce to kafin nan a bar shi ya taɓa. Ya ce wannan ma a sa a cikin takardar.

Na rubuta, shafi biyu. Na kawo duk hujjojin da Baba ya faɗa a kan haɗin sarƙa, na nemi a gyara katin, a rubuta cewa aikin maƙeran Kano ne. Zancen taɓawa kuwa a layi ɗaya na sa shi can ƙasa, don a ganina ba shi ne muhimmi ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne an ɗauki aikin gidanmu an ba Bature. Sau huɗu ina komawa bin takardar. Yau kwamiti bai zauna ba, gobe sakatare ya yi tafiya, rannan ma cewa aka yi ba a ga takardar ba, in sake kawo wata.

Bayan wata uku aka kira ni aka ce an gyara. Ban je na gani ba, kai tsaye na wuce Unguwar Kanawa da murnata. Na tarar da Baba a zaure yana jan carbi. Na ce, "Baba, mun yi nasara, sun canza katin."

Ya ce, "Wane kati?"

Na tuna masa. Ya ce, "Uwata, ni ina ruwana da kati? Su ce daga Ingila ne mana. Abin alfahari ne a ce kai ka ƙera abin ɗaure mutum?"

Raina ya ɓaci sosai. Na ce to me ya sa muka yi ta wahala? Me ya sa bai faɗa mini ba tun farko?

A ranar ya ba ni labarin. Ya ce kakanmu ba da son ransa yake aikin ba, umarni ne daga sama, ba a ƙi. Amma yana da ƙa'ida: duk marin da zai bar maƙerarsa sai an bi cikin ƙawanyar da magagari an goge ta sumul, don kada ta ci idon sawun mutum. Gogewar aikin Baba ce. Wata rana aka aiko ana son mari uku da gaggawa, an kama mutane a rikicin siyasa. A ranar akwai wasan dambe a bayan gari, Baba kuma yana ɗokin zuwa. Ya goge biyu, na ukun ya ce wa mahaifinsa ya goge, alhali bai taɓa shi ba. Washegari aka tafi da shi gidan yari don ya riƙe awartaki a daɓe ƙusa. Mutumin da aka sa wa na ukun wani tela ne na unguwarsu, wanda ya sha ɗinka wa Baba rigar salla. Da aka sake shi bayan watanni, ƙafarsa ta dama ta yi gyambo. Da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa, kullum kuma sai ya wuce ta ƙofar maƙera ya yi musu sannu da aiki.

Baba ya ce, "Ban sani ba ko marin nawa ne ya yi masa haka, ko wani aka canza masa a ciki. Wancan na ukun da muka gani, naɗin sarƙarsa irin na gidanmu ne. Da na zura yatsa na ji cikinsa, da na sani."

Na ce, "Baba, ko da ka ji shi da kaushi, ta ina za ka san shi ne wancan? Mari nawa kuka ƙera?"

Ya ce, "Hannuna zai gane."

Haushinsa nake ji da ya ɓoye mini, ina jin haushin mutanen can, na kuma fi jin haushin kaina, da na cika shafi biyu a kan abin da bai dame shi ba.

Washegari daga makaranta na wuce wurin ni kaɗai. Na ƙudura a raina zan tsallaka igiyar in zura yatsa, duk abin da za a yi a yi. Ina shiga ɗakin na ƙarshe na ga babu igiya. An saka marin huɗu a cikin akwatin gilashi, an kulle da kwaɗo. Budurwar ta gane ni, ta zo da fara'arta ta ce ai dalilin takardata ne, kwamiti ya gane kayan na da daraja, ya ce a killace su. A sabon katin an rubuta cewa ba a tabbatar da inda aka ƙera su ba.

Na manna fitilar waya a jikin gilashin, na durƙusa, na leƙa ta kowane gefe. Cikin ƙawanyar duk tsatsa ne. Ko an goge ko ba a goge ba, ido ba zai faɗa ba. Na tambayi wa ke riƙe da makullin akwatin. Ta ce shugaba, ya kuma tafi taro Abuja.

A hanyar Unguwar Kanawa na yi ta shawara da zuciyata. Ba abin da ya fi sauƙi irin in ce masa na taɓa, sumul yake. Amma ina shiga ya ɗago kai ya ce, "Yaya?" sai na kasa.

Na ce, "Sun kulle shi a gilashi, Baba. Na duba, ban iya ganewa ba."

Sai ya ce telan nan yana da 'ya mace, an ce a wajen Katabu take aure, idan tana da rai yanzu ta tsufa. Ya ce in tambayi matan unguwa ko akwai wadda ta san gidan.

Na ce, "Idan an same ta, me za ka ce mata?"

Ya ce, "Ki dai nemo gidan tukuna."

Mun yi ta cigiya har ƙarshen damina. Wadda ta san ta a ƙarshe ta ce mana sun tashi daga Katabu da daɗewa, ba ta kuma san inda suka koma ba.