Kum Yarema da Mutanen Jirgin Ruwa

Ajinmu ɗaya da Yarema Stelmashchuk tun daga firamare a garinmu Zalissia. Shi ya riƙe ɗana ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa har ya bar duniya "kum" nake ce masa, shi ma haka yake ce mini. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar layin dogo ce, irin matan nan da ke share ƙanƙara daga kan ƙarfe da sanyin safiya. Uban ya rasu Yarema bai yi wayo ba. Ya tashi siriri mai tabarau, ga in'ina idan ransa ya ɓaci. Ya yi karatu a Lviv, ya dawo yana koyar da Faransanci da Turanci a makarantar da muka yi.

Ba shi ya nemi siyasa ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet masana'antar sukarinmu ta tsaya, sai ga wasu mutane daga birni da manyan motoci, wai za su yanka injina su sayar a matsayin tsohon ƙarfe. A cikin injinan har da tukunyar da ke ɗumama asibiti da rabin gidajen gari. Yarema ya ɗauko kujera daga ajinsa ya dasa ta a ƙofar masana'antar, ya zauna. Matarsa Orysia ta kawo masa shayi, ita ma ta zauna. Kafin la'asar gari ya cika wurin. Masana'antar ba ta sake tashi ba, amma tukunyar ta tsira. Da zaɓe ya zo muka ɗora shi shugaban gari, daga baya muka tura shi majalisa a Kyiv, babban birnin ƙasarmu.

Majalisa ba ta karɓe shi ba. Wuri ne na masu babbar murya, shi kuwa kafin ya gama jimla an kashe masa abin magana. Wata rana aka kaure da dambe a zauren, muka gan shi a talabijin yana laluben tabaraunsa a ƙarƙashin kujeru. Da ya zo hutu na ce, "Kum, mun aike ka ka yi mana magana, ka ɓige da rarrafe?"

Ya ce, "Ai ni kaɗai na sami abin da na je nema a ranar."

Da jam'iyyarsa ta kawo dokar da za ta rufe ƙananan asibitocin karkara, ya ƙi ɗaga hannu. Ba su kore shi ba. Suka yi masa abin da ake wa wanda aka gaji da shi: aka naɗa shi jakada a wata ƙasa mai nisa a gabashin Asiya, inda ba a taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Mutanen gari suna ta murna, shi kuwa ya san kora da hali ce. Orysia ta tattara kaya har da irin gwoza ja, wai ba za ta rayu babu borshch ba, miyar da ake yi da shi.

Yana shekara ta biyu a can aka kama wani jirgin ruwa a tashar ƙasar, aka ce an sami haramtattun kaya a cikinsa. Mai jirgin ya yi ɓatan dabo. Ma'aikatan, yawancinsu 'yan ƙasarmu daga Odesa da Kherson, aka hana su sauka, suna zaune a kan ruwa cikin zafin da ke narka kwalta. Daga Kyiv aka ce masa ya bi a hankali, kada ya ɓata cinikin hatsi da ake ƙullawa. Ya bi a hankalin, amma bai tsaya ba. Duk mako sai ya hau kwalekwale ya je wurinsu da tukunyar borshch da Orysia ta dafa, da magani, da wayarsa don su ji muryar iyalansu. Sauran ranakun yana zaune a ɗakin jira na ministan shari'a, har masu shara suka san shi, suna ajiye masa kujerar da ke kusa da fanka. Ya koyi gaisuwarsu, ya ci abincinsu mai yaji yana hawaye, ya je bikin 'ya'yansu.

Abin ya ɗauki fiye da shekara. Kafin kotu ta wanke su, mai dafa abincin jirgin, wani dattijo Panas, zuciya ta buga masa ya rasu. Yarema ne ya rako sauran gida, tare da akwatin gawar, kuma shi da kansa ya je ya tsaya a gaban matar mamacin. Ta ƙi ba shi hannu. Bai taɓa ganin laifinta ba. Ya ce mini da ya san abin da ya sani daga baya, da ya fara da alƙali ba da minista ba, da wataƙila Panas ya dawo da ƙafarsa.

Ciwon Orysia ne ya sa ya ajiye aiki. Suka dawo Zalissia, ya yi jinyarta har ta cika, ya zauna shi kaɗai da bishiyoyin tuffa.

Da yaƙi ya zo, 'yarsa Solomiya ta yi ta roƙonsa ya bi ta Krakow, can ƙetaren iyaka. Ya ƙi. Ya zauna a ɗakin girki da bargo a kafaɗa, yana kiran duk wanda ya taɓa sani a ƙasashen waje, yana roƙon janareta saboda asibiti, don yaƙin ya lalata wutar lantarki. Wasu sun manta shi, wasu suka yi kamar sun manta. Na ce masa ya raga wa kansa, girma ya kama shi.

Ya ce, "Kum, roƙo kaɗai na iya. Bar ni in yi."

Janareta biyu suka iso kafin tsakiyar hunturu. Na uku yana hanya Yarema ya kwanta da ciwon haƙarƙari, bai tashi ba. Muka binne shi kusa da Orysia ranar da ƙanƙara ta fara narkewa, taɓo har idon sawu. Daga Kyiv furanni kawai aka aiko. Mutanen gari kuwa sun fito, har ma'aikatan asibiti da fararen rigunansu a ƙarƙashin kwat. Bayan an gama muka taru a gidansa, Solomiya ta dafa varenyky, kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki, aka ci, aka yi ta hirarsa har rana ta yi sanyi.