Dokin Reburus

Na daɗe ina ɗaga guduma a gidan buga kuɗi na Roma, amma ban taɓa aiki da mai mita irin Reburus ba. Shi ke sassaƙa hatimin ƙarfe, ni in ɗora azurfa in buga. Yana saurayi aka kawo shi bawa daga duwatsun Hisfaniya. Ya sami 'yanci, ya yi aure, bai ƙara ganin gida ba.

Da Kaisar, sarkin Roma, ya dawo daga rangadi, aka ce duk lardin da ya taka a buga masa kuɗinsa: mace a kishingiɗe, dabbar ƙasar a gefenta. Masar ta sami tsuntsu mai dogon baki. Hisfaniya kuwa, zomo.

"Zomo!" in ji Reburus. "Ƙasar da dawakinta ke cinye muku tsere? Wane ɗan banza ne ya ce zomo?"

Na ce, "Tsoho, yi aikinka mu tashi. Ko ɓera suka ce, ina ruwanka?"

"Kai da aka haifa bayan kasuwar kifi, me ka sani?"

Lokacin idonsa ya fara hazo, ya kuma san wannan ne hatimi na ƙarshe da za a ba shi. Ya rantse doki zai sa, ko da za a kore shi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da matarsa, duk a banza. Ya ishe ni matuƙa. Ya koma bakin taga ya duƙufa, hancinsa kamar zai taɓa ƙarfen, gurasarsa da zaitun suna gefe bai kula su ba.

Da ya gama, Fuskus mai duba aiki ya zo. Na buga tsaba ɗaya ta gwaji na miƙa masa. Reburus ya miƙe ya gyara riga yana jiran tsawa, har amsar da zai bayar ya tanada.

Fuskus ya juya tsabar a haske. "Madalla, tsoho. Zomon nan ya ɗan yi ƙiba, amma ya yi. Ku ci gaba da bugawa." Ya wuce abinsa.

Takaici ya kama ni, na rasa haushin wa zan ji. Reburus ya karɓi tsabar, ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya shafa ta da babban yatsa.

Ya ce, "Wancan jakin bai san komai ba. Kai idonka garau ne. Duba da kyau, me ka gani?"

Na duba da kyau. Na so in yi masa ƙarya, amma ko muryata ta canza zai gane.

"Zomo ne, baba."